Ƙaguwa a Takardar Likita

A ɗakin jira na asibiti, wani direba ya miƙa wa dattijon da ke gefensa takarda.

"Baba, kana jin Turanci? Sakamakon gwajin matata ne."

"Shekara talatin ina koyar da shi." Dattijon ya karanta, idonsa ya faɗa kan kalmar cancer, wato ciwon daji, ya gyara tabarau. "Ka ga wannan kalmar? Aro Turawa suka yi daga Latin, ma'anarta ƙaguwa. Likitocin zamanin da ne suka ga ƙarin yana baza ƙafafu kamar..."

"Ba ƙaguwa na tambaye ka ba. Za ta tashi?"

"Ai yawancin kalmominsu na asibiti aro ne, ka ga..."

Direban ya karɓe takardarsa, ya ninke.

"Bar shi, Malam. Ko bakanike ya fara ba ni tarihin inji, na san motar ta gama."