Farantan da Aka Wanke

Shugaban makaranta, shugaban sashe, malamai abokan aikinsa, surukata da jikokina, jama'a, assalamu alaikum. Da girmana na koyi karatu, kuma ɗana da muke tunawa yau shi ya zaunar da ni ya koya mini. In na yi tuntuɓe, ku yi haƙuri.

Ya kasance yaron da ba ya wuce bishiya bai tsinki ganye ba. Ya kasance mai hana mu sukuni: yau yana kan dutse ruwa na dukansa, gobe yana fili rana na gasa shi. In na ce, "Auta, me kake nema a lafiyayyen ganye?" sai ya yi dariya. "Inna, akwai funfuna zaune a ciki, ido ba ya gani. Ta wurin danshi daban, ta busasshen wuri daban, wata ma iska ce ta ɗauko ta daga nesa." Ya kasance yana yanka ganyen, ya rufe a ɗan farantin gilashi, ya jira ta tsiro. Ƙuruciyarsa duka a farantan nan ta ƙare. Da ya girma, su ne suka zama aikinsa a makarantar nan.

Jiya aka kai mu ɗakin aikinsa. Tas! Ko'ina ƙamshin sabulu. Mai kula da ginin ya tare ni da murmushi: "Mama, saboda zuwanku muka gyara. Duk kayan sun yi funfuna, mun wanke."

Shi ban ga laifinsa ba. Ku fa, malamai? Kun san abin da ke ciki. Tun da muka binne shi ba wanda ya leƙa ɗakin, amma kun sami lokacin zaɓen hoton da za a rataya. Tir!

Surukata, share hawayenki, ba duka suka tafi ba. Lokacin da firjin ɗakin aikinsa ya lalace, ya kawo wasu farantan ya ajiye a nawa, ya ce, "Inna, kada ki buɗe, kada su ji zafi." Suna nan. In aka ɗauke wuta, da gudu nake neman ƙanƙara. Yanzu gefensu ya fara bushewa, ni kuwa ban san abin da ake ba su ba.

Mun gode da kujeru da jawabai. Hoton ku riƙe. Wanda ya san aikin nan a cikinku ya tashi ya bi ni gida yau, ba gobe ba.

Allah ya jiƙan Auta, ya sanyaya makwancinsa, ya raya abin da ya bari a firjina har mai zuwa ya zo. Amin.