Bayan Kalanda

A motar haya daga Samaru zuwa PZ, wata ma'aikaciya ta nuna wa dattijon gefenta satifiket.

"Baba, taya ni murna. Kwana biyar ana koya mana tsare bayanan ofis, ni na zo ta ɗaya."

"Madalla, 'yata. Sun tsaru?"

"Har mu ba ma iya buɗe su. Malam Cindo, mai lambar sirrin kwamfutar, ya yi ritaya kafin a ɗauke ni."

Dattijon ya ƙyalƙyale da dariya. "Ai ni ne. Ki duba bayan tsohuwar kalandar bango."

"Jiya na ƙone ta, an ce mu rabu da tsofaffin takardu. Ba ka haddace ba?"

"Da na haddace, zan rubuta?"