Taɓaryar Ƙofar Gareji

A tashar Jega, ana jiran motar Aliero ta cika, wani dattijo ya dubi Hamida da hannunta na dama rataye a gyale.

"Ɗiyata, haɗarin mashin ne?"

"A'a Baba, ƙofar garejinmu ce, irin ta ƙarfe da ake turawa sama. Tunda sarƙarta ta tsinke, da taɓarya muke tokare ta."

"Taɓarya?"

"Rannan za a yi daka, wata ta zare ta, ƙanwata na wasa a ƙarƙashi. Na tara kafaɗa, ban saki ba sai da ta rarrafo waje."

"Innalillahi. Kuma a haka za ki makaranta?"

"Ƙashi ya tsage, ba ƙwaƙwalwa ba. Jarrabawa gare ni, ko da hagu sai na rubuta."

"Wane irin maigida ne zai bar ƙarfe bisa kan yara?"

"Kullum cewa yake sai an sayar da albasa."

Dattijon ya zaro wayarsa. Ya ja gefe ya kira matarsa a gida, amma Hamida na jin sa.

"Mairo, kwashe yara daga bakin gareji. Kada kowa shi taɓa taɓaryar nan, ga ni nan tahe da mai walda."