Makullin da Ke Cikin Jakata

'Yan'uwa, gaisuwa gare ku cikin sunan Yesu. Ni ce Saratu, ma'aikaciyar jinya, ina zaune a unguwar Jiddari Polo a Maiduguri.

Kun san ni da fara'a a zumuntar mata, amma ba ku san abin da ke cikin jakata ba. Makullin wani asibitin ƙauye ne. Gwamnati ta tura ni can, na je na ga ɗaki biyu da sabon fenti, ba magani, ba ruwa, firjin allura ya zama wurin ajiye takardu. Na ce kuɗin lafiya a birni yake ƙarewa, to ni me zan zauna in yi? Na garƙame ƙofa na dawo Maiduguri. Sai in an ce masu dubawa na tafe nake leƙawa da farar rigata. Gaskiya ko a jikina.

Da damina naƙuda ta kama ƙanwata Rahila a ƙauyenmu na haihuwa. Ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Aka kai ta asibitin garin da rana tsaka, aka tarar da kwaɗo a ƙofa. Aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin titi. Ba ta kai ba.

A wurin makoki na tambayi mijinta Bitrus ina ma'aikaciyarsu take.

Ya ce, "Yaya, mai makullin a Maiduguri take zaune."

Na tsine wa matar nan da ban taɓa gani ba. Na durƙusa ina kuka, ina cewa Ubangiji ya bi mana hakki, kada ya bar ta. Na sa hannu a jaka in ɗauko hankici, sai na taɓa makulli.

Wayyo Yesu! Daga neman hukunci na koma roƙon jinƙai.

Ubangiji ya ji ni, ya cire mini taurin zuciya. Na koma bakin aikina. Har yau ba magani, amma na iya danna ciki in tsayar da jini, kuma na san lokacin da za a nemi mota.

Rahila ba za ta dawo ba. Jaririyarta tana raye, na gode wa Allah. Ku dogara gare shi, ku kuma yi mini addu'a. Jibi zan koma ƙauyen da nake aiki, akwai mata huɗu da watan haihuwarsu ya tsaya.