Wasan da Yaya Bashir Ya Bari a Bakin Gada

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sunana Nafisa, 'yar sakandare daga Omdurman a ƙasar Sudan.

Yayana Bashir yana son tsofaffin na'urorin wasa. Ya rasu a lokacin yaƙi. Da muka dawo gida an kwashe komai, sai tsohuwar na'urarsa mai kaset. Na kunna. Ɗan mutumin cikin wasan yana tsaye a bakin gada, inda Yaya ya bar shi. Ban yi kuka ba, kallo kawai nake.

Na kai wa mai gyara, ya ce, "Ya bitti, 'yata, batirin kaset ɗin ya kusa mutuwa. In ya mutu, wasan ya goge. In na canza shi ma, ya goge."

Don Allah, akwai mai sauraron da ya san wata dabara? Har yau ban tsallakar da shi gadar ba.