Ranar da Aka Ce wa Markus Babu Jini

Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Gwadabe Yahaya. Malamanmu da fastocinmu. Likitoci da ma'aikatan jinya. Injiniya Sagir da abokan aikinsa. 'Yan'uwana 'yan Ƙungiyar Jinin Zumunci, maza da mata, da ku mutanen Katsina da kuka cika wannan zaure: assalamu alaikum, barkanmu da rana.

Ina gode wa Allah da ya tara mu. Ina gode wa shugabanni da suka ɗora mani jagorancin kwamitin da ya binciki mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira, wanda ke amsa wa masu neman jini ta waya. Na san an zo biki ne. An kira 'yan jarida, an ce yau za a sake buɗe shi bayan rufewar da aka yi masa, ana jiran ni Hajiya Baraka in miƙe in ce kome ya yi daidai. Ba zan faɗi haka ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga Markus can zaune a layin baya, makanike ne a Kambarawa. A watan jiya maiɗakinsa Ladi ta haihu da hantsi a wani asibiti, jini ya ɓalle mata, kuma irin jininta ba kowa ke da shi ba. Markus ya rubuta wa mataimakin. Nan take amsa ta zo: "Babu mai irin wannan jini a Katsina." Ya sake tambaya, aka sake ce masa babu. Da bakinsa ya gaya mana: "Mama, zama na yi a ƙasa. Na ce tunda ƙungiya ta ce babu, wa kuma zan tambaya?"

Jama'a, akwai jinin. A lokacin nan Hauwa'u mai atamfa tana shagonta a Babbar Kasuwa, jininta irin na Ladi ne, sunanta na cikin rajistarmu, wayarta na hannunta. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta ga Ladi ta fara lumshe ido, ta yi watsi da amsar, ta buga wa sakatarenmu kai tsaye, sannan aka aika da babur. Hauwa'u ta bar shago a buɗe ta hau. Da ta iso ta ga halin da ake ciki, ta ce: "Mi ya hana a kira ni tun da sahe?" Ladi ta rayu, Allah ne ya yi da sauran kwana, amma har yau ba ta iya tsayawa ta yi wa jaririnta wanka.

To me muka gano? Na farko, mataimakin nan ɗan aike ne, kuma ba ya ganin cikin kayan aikin da aka ba shi. Kowane kayan aiki akwai ɗan bayani da mutum ya rubuta masa, shi yake karantawa, da shi yake yanke hukunci. Bayanin na neman jini layi ɗaya ne: "Yana nemo masu ba da jini." Bai faɗi cewa unguwa ɗaya tak yake dubawa ba, unguwar wanda ya yi tambaya. Ya duba Kambarawa bai samu ba, Hauwa'u kuwa a Ƙofar Marusa ta yi rajista. Ɗan aike ya dawo hannu wofi, ba a taɓa gaya masa abin da hannu wofi ke nufi ba, sai ya ce Katsina kaf babu.

Na biyu, an ce mana an gyara. Gaskiya ne, an gyara wannan layin, kuma Injiniya Sagir da ya ƙera mataimakin bai ɓoye mana kome ba, shi ya buɗe mana na'urar da kansa. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Muka ɗauki sauran bayanan muka ba waɗanda ba su taɓa ganinsu ba, likita da malamin makaranta da ɗan kasuwa, muka ce kowa ya faɗi abin da ya fahimta. Bayanin da mutum uku suka karanta suka fito da ma'ana uku, ta yaya na'ura za ta fito da ɗaya? Akwai wanda aka rubuta masa "Yana sabunta sunan mai ba da jini." Da muka gwada shi da mutumin da ya ce ya yi tafiya sai mako mai zuwa, sai mataimakin ya cire shi daga ƙungiya gaba ɗaya. Wannan a shekaranjiya ne, ba a watan jiya ba.

Saboda haka kwamiti ke roƙo. A sake rubuta kowane bayani ya faɗi abin da kayan aikin ke yi, ya faɗi abin da ba ya yi, ya faɗi inda iyakarsa take, ya faɗi abin da za a yi in ya dawo da babu. A gwada shi da irin saƙonnin da mutane ke turowa cikin firgici, da guntuwar Hausa da kuskuren rubutu, ba da tsararrun tambayoyin ofis ba. Kuma kada kalmar babu ta sake fita zuwa ga mai neman jini sai ɗan Adam ya duba.

Ina ganin fuskokin wasu sun canza. Na ji ana cewa masu tallafa mana sun gaji da jira, za su iya janyewa. Za su iya. Injiniya, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba; aikinka muke so ya tsaya da ƙafarsa. Ranka ya daɗe shugaba, ikon buɗewa a hannunka yake, in ka ce a buɗe yau za a buɗe. Amma za a buɗe ne ba da yawun kwamitina ba, kuma lambar wayata ce za ta tsaya a ƙofar kowane asibiti har sai an gama.

Allah ya ba Ladi lafiya, ya raya abin da ta haifa. Allah ya saka wa masu ba da jininsu da alheri, ya ba shugabanninmu ikon yanke abin da ya fi, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.