Baba Daga-Ina da Tanderun da Babu Wuta

Da sunan Allah Mai rahama nake farawa. Ranka ya daɗe shugaban bankinmu, mai girma wakilin hukumar yaƙi da almundahana, malam liman, dattawa 'yan fansho da ke zaune a layin baya, Hajiya uwargidan marigayi, 'ya'yansa da 'yan'uwansa, abokan aiki, assalamu alaikum.

An zaɓe ni in yi magana saboda shekara goma sha ɗaya ina manajan reshen da ya yi aiki. Na karɓa ne saboda wani dalili daban. Ranar da muka dawo daga maƙabarta, babbar 'yarsa, Malama, ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Baba, don Allah me mahaifina ya yi aka mayar da shi ɗakin fayil? A unguwa cewa ake an kama shi da wani abu." Na ce mata ta yi haƙuri, na shige mota kamar marar gaskiya. 'Yata, yau na zo da amsarki.

Ya kasance jami'inmu mai binciken tushen kuɗi. Aikinsa shi ne ya tabbatar ba a bi ta kantarmu an halatta kuɗin haram ba. Tambayarsa ɗaya ce, ita muka mayar masa suna: Baba Daga-Ina. Ko sabon takalmi ka sa, sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Ma sha Allah. Daga ina?" Muna dariya, shi ma yana yi, amma fa yana jiran amsa.

Ya kasance mutum ne da bai yarda da takarda ita kaɗai ba. Idan kamfani ya rubuta adireshi, ranar Asabar sai ya ɗauki lemarsa ya tafi da ƙafa ya gano wurin. Muna ce masa ba a biyansa kuɗin wannan yawo, yana cewa gani ya kori ji.

Shekara biyar da suka wuce muka samu wani babban mai ajiya, muna kiransa Mai Burodi. Duk Litinin yaransa na shigowa da jakunkuna, wai cinikin gidan burodi ne. Reshenmu da ke can ƙasa ya haye na ɗaya, aka yi mana ƙarin albashi, ni har lambar yabo aka ba ni. Abin da ya rage shi ne takardar tantance tushen kuɗinsa, mai gurbin sa hannu biyu, nasa a sama, nawa a ƙasa.

Wata safiya ya shigo ofishina da takardar, babu komai a gurbinsa. Ya ce, "Manaja, na je gidan burodin nan. Kuɗin da suke kawowa sai an kwaɓa buhun fulawa ɗari uku a rana. Buhu shida na gani, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na sa hannu a jikin tanderun, sanyi ƙalau. Mai gadin ma da burodin wani gida na tarar yana karyawa."

Na ce, "Kai ɗan sanda ne ko ma'aikacin banki? Sa hannu mu wuce wurin."

Ya ce, "Idan na sa, kai ma za ka sa a ƙasa. Ba na so in kai ka inda ba zan iya fito da kai ba."

A ranar ya aika wa hukumar yaƙi da almundahana rahoto, kamar yadda aikinsa ya ce. Da Mai Burodi ya ga takardarsa ta ƙi fitowa, ya kwashe kuɗinsa ya koma wasu bankunan, ƙarin albashi ya bi shi. Mu kuwa, Allah Ya yafe mana, muka juya wa bawan Allahn nan baya. Ya shigo ɗakin shan shayi, hira ta mutu. Ya yi sallama, a amsa a ciki. Ni da hannuna na rubuta wa hedikwata cewa yana korar masu ajiya, aka mayar da shi ɗakin fayil da ke ƙarƙashin bene, wanda ba taga, fankar ma sai an tura ta da rula take juyawa. Shekara huɗu ya yi a can.

Hajiya, na san kin tambaye shi, na san abin da ya ce miki bai wuce "aiki ne" ba. Ba raini ba ne. Dokar wannan aiki ta hana wanda ya kai rahoto ya faɗa wa kowa a waje, ko matarsa, don kada labari ya kai ga wanda ake bincika ya ɓatar da sawu. Yana jin abin da ake faɗa a unguwa, yana ganin waɗanda suka daina zama kusa da shi a wurin ɗaurin aure, ya yi ta maza ya haɗiye. Shi dokar ta ɗaure wa baki. Ni fakewa na yi da ita, don shirun ya yi mini daɗi.

Ya kasance, a ɗakin nan ma, bai rage komai ba. Fayilolin da suka shekara ashirin a watse ya jera su tsaf. Sabbin ma'aikata kan sulale su same shi ya duba musu takarda, ya duba, ya kuma roƙe su kada su bari in gani, don kada laifinsa ya shafe su. Da ciwon ya kwantar da shi na je asibiti sau ɗaya. Na yi niyyar neman gafara, na ɓige da tambayarsa jiki. Shi ne ma ya kalli ledar lemon da na kawo ya ce, "Manaja, daga ina?" Muka yi dariya, na fito ban faɗa ba.

Makonni uku da suka wuce kotu ta yanke hukunci, shi ya sa yau bakina ya buɗe. Kuɗin nan ba na burodi ba ne. Kuɗin fanshon ma'aikata ne aka sace, ake zagayawa da su ta gidan burodin don su fito da sabuwar riga. Manajoji biyu na wasu bankunan da suka sa hannu a irin takardar nan suna gidan yari. Ni ina tsaye a gabanku, na kwana a gidana, saboda gurbin da ke saman nawa ya zauna babu komai. Alƙali ya ce daga rahoto ɗaya binciken ya faro, wakilin hukuma yana nan, ya ba ni izinin in faɗi ko na wane ne: na Baba Daga-Ina ne.

Malama, ɗazu na ji kina tambayar ƙanenki su wane ne tsofaffin da ke layin baya, tunda ba dangi ba ne. Juya ki dube su. Wasunsu shekara bakwai suna zarya ofishin fansho ana ce musu su dawo gobe. A watan nan aka fara biyansu. Ba su taɓa ganin mahaifinki ba, da suka ji labari suka yi hayar mota suka zo.

To ga amsarki, 'yata. Ba a kama mahaifinki da komai ba. Shi ya kama, mu muka hukunta shi. Ki faɗa a unguwa, wanda ya musa ki turo shi wurina.

Hajiya, gafarar da na kasa nema a wurinsa, a wurinku nake nema, a madadina da duk wanda ya amsa sallamarsa a ciki. Ba dole ku ba mu yau ba.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Ya Allah, bawanKa ya zauna shekara huɗu a ɗakin da ba taga don ya tsare haƙƙin mutanen da bai sani ba. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka riƙa wa iyalinsa. Ranar da za Ka tambayi kowannenmu dukiyarsa daga ina ya same ta, Ka sauƙaƙa masa amsa, mu kuma Ka rufa mana asiri. Amin.